Gardamar Shekara Ɗari a Kan Sandarewar Gilashi

A shekarar 1929 ne layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratso ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya. Don gyaɗa da auduga Turawan mulki suka shimfiɗa shi, amma jirgin da ya zo ɗaukar kaya ba ya zuwa wayam. Cikin abin da taragu suka riƙa saukewa har da kayan gilashi: kwalaben magani da na turare, ƙwan fitila, madubin hannu, da duwatsun wuya 'yan Turai. Daga tasha sai jakuna da raƙuma su kwasa, wasu su nufi kasuwar Shinkafi mai ci ran Alhamis, wasu su yi Zurmi, wasu kuma su zarce har ƙasar Nijar ta yau.

Amma ba jirgi ne ya fara kawo mana gilashi ba, ba kuma Bature ne ya koya wa Afirka ta Yamma narka shi ba. A Ile-Ife, ƙasar Yarabawa, akwai wani kurmi da ake kira Igbo Olokun, inda Bajamushen nan Leo Frobenius ya tarar da kaskon narka gilashi a 1910. An daɗe ana cewa ai gilashin waje ne mutanen Ife suke saya su sake narkawa. A 2006 binciken sinadarai ya nuna cewa gilashin nasu yana da farar ƙasa da sinadarin alumina masu yawa, haɗin da ba a san shi a wata masana'anta ta duniya ba. Daga baya Abidemi Babatunde Babalola ya haƙa wurin, ya tono duwatsun ado kusan 13,000 tare da fasassun kasake da tarkacen aiki, ya nuna cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 mutanen garin da ƙasarsu suke haɗa gilashinsu. An tsinci irin waɗannan duwatsu har a Gao ta ƙasar Mali, wato sun bi hanyoyin fatauci sun yi arewa.

Wanda Bahaushe ya fi sani shi ne na Bida. A can akwai unguwar Masaga, masu aikin ƙarau, waɗanda tarihin bakinsu ya ce daga Misira kakanninsu suka taso, suka biyo ta Borno kafin su zauna a ƙasar Nufe. Ɗanyen gilashinsu, wanda suke kira bikini, da yashi da kanwa suke yin sa. Dalilin kanwar a fili yake. Tsurar yashi ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyos, abin da wutar itace ba ta kaiwa. Kanwa ce ke sauko da shi zuwa inda murhun ƙasa da zugazugi za su iya. S. F. Nadel, wanda ya zauna cikin Nufawa a tsakiyar shekarun 1930 ya kuma wallafa littafinsa a 1942, ya tarar kwalaben Turai sun fara maye gurbin bikini, domin fasa kwalba a narka ya fi kwana ana hura wuta a kan yashi sauƙi. Fatake kuwa suka ci gaba da yaɗa awarwaron ƙarau a kasuwannin ƙasar Hausa kamar yadda suka saba.

Aikin ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin a cikinsa duk tambayar take. Mai aiki na zaune gaban murhu, yaro na zuga. Ya ɗebo narkakken gilashi a bakin sandar ƙarfe, jawur, yana neman zuba. Ya nannaɗa shi, ya huda tsakiya, ya sa ƙarfe na biyu yana juyawa yana buɗawa har zoben ya kai faɗin da hannun mace zai shiga. Yana yi gilashin na ƙara kauri a hannunsa: da fari yana bin ƙarfe da kansa, can sai an ja shi, can sai an matsa masa, can kuma ya ƙi. Idan ya ƙi kafin a gama, a mai da shi wuta ya yi laushi a ci gaba. In an gama a tura shi cikin toka mai ɗumi ya huce a hankali, don wanda iska ta buga farat ɗaya tsagewa yake yi. A duk wannan babu wani lokaci guda da za a nuna a ce nan ne ruwa ya koma dutse. Dalma ba haka take ba: tana kaiwa digiri 327 take daskarewa. Ruwa ma a sifili yake zama ƙanƙara.

Masu alewa a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su ma gilashi suke yi, ko da yake na sukari. Ana dafa sukari da ruwa kaɗan, a sa tsami, lemon tsami ko tsamiya, don kada ya koma ƙwaya-ƙwaya. Idan ya ɗan huce a rataya shi a ƙugiya a yi ta ja ana ninkawa har iska ta shige shi ya yi fari, a yayyanka tun bai gama ƙin hannu ba. Da hunturu alewar ƙaras take karyewa. Da damina kuwa sai ta yi danƙo ta manne wa takarda, saboda laimar da ta sha ta sauko da zafin da take sandarewa a kansa zuwa kusa da zafin ɗaki.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Yawancin narkakkun abubuwa, idan suka huce, ƙwayoyin zarrarsu jeruwa suke yi sahu-sahu bisa tsari guda mai maimaituwa, shi ake kira kiristal; gishiri da ƙanƙara da ƙwayar sukari duk haka suke. Amma jeruwa na bukatar lokaci. In aka sanyaya abu da sauri, ko kuma ƙwayoyinsa masu wuyar jeruwa ne, sai ya wuce zafin daskarewarsa yana nan ruwa-ruwa. Daga nan kaurinsa ya yi ta hauhawa, har ya kai ninkin kaurin ruwan sha sau 1 da sifili 15 a bayansa. A nan ne masana suka ja layi suka ce ya zama gilashi. Na taga yana kaiwa nan a wajen digiri 550. Abin mamaki, in aka haska shi da na'ura kafin layin da bayansa, zaman ƙwayoyin kusan ɗaya ne: a hargitse suke can, a hargitse suke nan. To me ya tsai da su? Wannan tambaya ce aka yi shekara ɗari ana ja-in-ja a kanta.

Farkon abin awo ne, ba nazariyya ba. A 1921 Hans Vogel a Jamus, a 1925 Gordon Fulcher na kamfanin gilashi na Corning a Amurka, a 1926 kuma Gustav Tammann da Hesse a Jami'ar Göttingen, kowa ta hanyarsa, suka iso ga lissafi guda da ya dace da yadda kauri ke hauhawa. Fulcher bukatar masana'anta ce ta kai shi, yana son sanin zafin da ya dace da busa kwalba da wanda ya dace da hutar da ita. Sai dai lissafin ya zo da wata jela. In aka bi shi ƙasa da inda aka iya aunawa, yana nuna akwai wani zafi, sama da ƙarshen sanyi, inda kaurin zai zama marar iyaka, motsi ya tsaya cak. Babu wanda ya taɓa isa wurin. Har yau masana'antu na amfani da lissafin, har yau kuma ana musu ko jelar gaskiya ce.

A 1923 Gibson da Giauque a Kalifoniya sun auna gilisarin, ruwan nan mai kauri da ake sa wa a man shafawa. Kamata ya yi ya daskare a digiri 18, amma yakan zarce har wajen digiri 83 ƙasa da sifili kafin ya zama gilashi, a nan kuma yawan zafin da yake iya sha ya faɗi kwatsam. Franz Simon ya fassara wannan a farkon shekarun 1930: gilashi ruwa ne da sanyi ya riska bai gama daidaita zamansa ba, ya maƙale a inda yake. Shaidarsa mai ƙarfi ce, domin layin ba ya zama wuri ɗaya. In ka rage saurin sanyayawa ninki goma, sai ya sauka da 'yan digirori. A 1932 W. H. Zachariasen na Jami'ar Chicago ya zana yadda ƙwayoyin gilashin yashi suke: kowace na riƙe da maƙwabtanta kamar a kiristal, amma saƙar ba ta maimaita kanta.

Da a nan aka tsaya, da an ce magana ta ƙare: gilashi rashin haƙurin mai sanyayawa ne kawai. Walter Kauzmann na Jami'ar Princeton ne ya tayar da ƙura a 1948. Masana na da ma'aunin da suke kira entirofi, wato yawan hanyoyin da ƙwayoyin abu za su iya zama. Na ruwa ya fi na kiristal, tunda a hargitse yake. Kauzmann ya tattara awon ruwaye da dama, ya ga cewa wannan rata tana raguwa da sauri yayin da ake sanyaya su. Ya ja layin ya wuce inda gilashi ke katse shi, sai ya ga a wani zafi ratar za ta ƙare, bayansa kuma hargitsattsen ruwa zai fi kiristal tsari. Hankali bai ɗauki wannan ba. Ba kuma za a ce ai gilashi na shiga tsakani ba, domin layin gilashi ya dogara ga gaggawar mai gwaji, dokar halitta kuwa ba ta jingina ga gaggawar kowa. Shi Kauzmann ya zaci ruwan zai koma kiristal tilas kafin ya isa can. Kaɗan ne suka gamsu.

Daga nan masana suka rabu gida biyu, rabuwar da har yau ba ta ɗinke ba. Gida na farko ya ce akwai sauyin hali na gaskiya a ɓoye can ƙasa, irin na ruwa zuwa ƙanƙara, kuma kaurin da muke gani inuwarsa ce. A 1958 Julian Gibbs da Edmund DiMarzio suka lissafa haka ga roba da danginta masu dogayen ƙwayoyi: da za a sanyaya su ba gaggawa ko kaɗan, za su kai wani cikakken gilashi da ba shi da sauran zaɓin zama. A 1965 Gerold Adam da Gibbs suka ɗaura wannan da kauri. Suka ce yayin da hanyoyin zama ke raguwa, ƙwaya ɗaya ba ta iya gusawa ita kaɗai, sai ƙungiya ta motsa tare, ƙungiyar kuma tana girma da sanyi. Wanda ya taɓa shiga tsakiyar kasuwar Shinkafi da azahar ya san abin: da safe kowa na tafiyarsa, in ta cika kuwa ba ka gaba sai mutum goma sun gusa, su ma sai wasu sun ba su hanya. Abin da ya ƙara wa wannan gida ƙarfi shi ne, a ruwaye da yawa, zafin da Kauzmann ya hango da wanda jelar lissafin Vogel da Fulcher ta nuna sun yi kusa da juna ƙwarai.

Gida na biyu ya ce ba wani ɓoyayyen sauyi, cunkoso ne kawai. A 1959 Morrel Cohen da David Turnbull suka kawo nazariyyar sararin da ya rage: ƙwaya na gusawa ne in rami ya buɗe kusa da ita, sanyi kuwa yana tsuke ramukan. Nazariyyar ba ta jure gwajin matsi sosai ba, amma ta haifi ɗa mai amfani. Turnbull ya yi hasashen cewa ko ƙarfe zai zama gilashi in aka sanyaya shi da isasshen sauri, kuma a 1960 Pol Duwez a Caltech ya tabbatar, ya watsa narkakken haɗin zinariya da silikon a kan ƙarfe mai sanyi, saurin hucewar ya kai kimanin digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa. Irin wannan gilashin ƙarfe yau ana naɗa cikin taransifoma da shi don rage asarar wuta.

A 1969 Martin Goldstein ya ba da hoton da kowane gida ya ara: a ɗauki duk zaman da ƙwayoyi za su iya yi a matsayin ƙasa mai tuddai da kwaruruka marasa adadi, ruwa mai zafi yana yawo a samansu, mai sanyi kuwa ya faɗa kwari ɗaya, sai da ƙyar yake haurawa zuwa na gaba.

Nazariyyar da ta fi kowace yin zarra a zamaninta ta fito a 1984, daga Wolfgang Götze na Munich da abokan aikinsa Bengtzelius da Sjölander, da kuma Leutheusser a nasa ɓangaren. Sun fara daga lissafin motsin ƙwayoyi kansa, suka nuna yadda kowace ke zama keji ga maƙwabciyarta, ita ma tana cikin kejin da suka yi mata. Ta yi hasashe da dama da gwaji ya gaskata, musamman bayan Peter Pusey da William van Megen sun nuna a 1986 cewa ƙananan ƙwallayen roba da ke yawo cikin ruwa suna sandarewa a hargitse in suka cika kimanin kashi 58 cikin 100 na wurin. Inda ta yi tuntuɓe shi ne ta ce motsi zai tsaya a wani zafi da ke sama da layin gilashi sosai, alhali a can ruwan gudana yake yi abinsa. A ganina, duk da haka, ita ce mafi gaskiyar nazariyyoyin, domin ta faɗi adadi ƙarara har aka iya kama ta da kuskure. Sauran sukan bar wa kansu ƙofar fita.

Austen Angell, ɗan Ostireliya mai aiki a Amurka, ya tsara ruwayen a 1985 zuwa masu ƙarfi da masu rauni. Narkakken yashi mai ƙarfi ne, kaurinsa a hankali yake hawa. Wasu ruwayen sinadarai kuwa suna nan tsararo har kusa da layi, sa'annan su yi tsalle. Masu busa gilashi sun riga shi sanin wannan bambanci a hannu, sun san wanda ke ba mai aiki lokaci da wanda ke sandarewa da wuri.

Tsakanin 1987 da 1989 Kirkpatrick da Thirumalai da Peter Wolynes suka yi ƙoƙarin haɗa kan duka. Sun aro lissafi daga wani fanni, na maganaɗisun da ke a hargitse, wanda Sam Edwards da Philip Anderson suka buɗe a 1975, Giorgio Parisi na Italiya kuma ya warware a 1979. A hotonsu, nazariyyar Götze ta bayyana farkon kaurin, ta Adam da Gibbs ta bayyana zurfinsa, zafin Kauzmann kuma shi ne ƙarshen tafiya. Ɗaya gidan bai yi shiru ba. Tun 1984 Fredrickson da Andersen suka ƙirƙiro wani samfuri da ba shi da ɓoyayyen sauyi ko kaɗan, dokarsa ɗaya ce: wuri ba ya motsi sai kusa da inda ake motsi. Daga 2002 David Chandler na Berkeley da Juan Garrahan suka gina cikakkiyar nazariyya a kan wannan, suka nuna ita ma ta dace da awon kauri. A 1995 Philip Anderson, wanda ya riga ya ci kyautar Nobel, ya rubuta a mujallar Science cewa wannan ce mai yiwuwa matsala mafi zurfi da ta rage a nazarin daskararrun abubuwa, ya kuma yi fatan a warware ta cikin shekara goma. Ba a warware ba.

Dalilin ba ƙarancin basira ba ne. Wurin da gidajen biyu suka saɓa yana ƙasa da layin gilashi, inda ruwa ke bukatar shekaru dubbai, can gaba miliyoyi, kafin ya daidaita zamansa. A iyakar da ake iya aunawa kuwa, lissafin kowa ya dace. Wannan jinkiri ne ma ya rushe tatsuniyar nan da ake koya wa ɗalibai, wai gilashin tsofaffin majami'un Turai ya fi kauri a ƙasa saboda yana malala. Edgar Zanotto na Brazil ya lissafa a 1998 cewa a zafin ɗaki malalar za ta ɗauki lokacin da ya zarce shekarun duniya nesa ba kusa ba. Kaurin daga yadda aka ƙera shi ne. Duwatsun Ife ma, masu ɗaruruwan shekaru, suna nan da ramin zarensu yadda aka huda shi.

Sai masana suka koma neman hanyar zambatar lokaci. A 2007 Mark Ediger da ɗalibansa a Wisconsin suka gano cewa in aka tara gilashi daga tururi, ƙwaya bisa ƙwaya, a kan faranti mai sanyin da ya ɗan gaza layin, kowace na samun wurin zama mai kyau tun tana sama kafin a binne ta. Cikin sa'o'i suka samu gilashin da ya yi daidai da wanda ya shekara dubbai yana kwantawa. A 2013 Gregory McKenna da abokan aikinsa a Texas suka ɗauko ƙaron itace da ya sandare shekara miliyan 20 da suka wuce a Jamhuriyar Dominika, suka auna shi, suka ce jinkirinsa bai hau yadda jelar Vogel da Fulcher ta yi alkawari ba. Gida na biyu ya yi murna. A 2017 Ludovic Berthier da abokansa a Montpellier ta Faransa suka gyara wata dabarar kwamfuta, inda ake barin manya da ƙananan ƙwayoyi su musanya wuri, abin da ya gaggauta daidaitawa fiye da ninki biliyan goma. Suka shiga can ƙasa da layi, suka tarar entirofi na ci gaba da faɗuwa kamar yadda Kauzmann ya ja. Gida na farko ya yi murna. Sai masu suka suka ce, in musanya wuri kaɗai ta isa ta kawar da jinkirin ba tare da ta taɓa entirofin ba, ashe ba entirofin ne ke jawo jinkirin ba. Aka buɗe sabon babin musu a kan gwaji guda.

Akwai wuri ɗaya da magana ta yanke. A 2014 Parisi da Charbonneau da Kurchan da Urbani da Zamponi suka warware lissafin ƙwallaye masu tauri daidai-wa-daida, amma a duniyar lissafi mai kusurwoyi marasa iyaka, ba tamu mai tsawo da faɗi da zurfi ba. A can, hoton Wolynes da abokansa ne ya tabbata. A 2021 aka ba Parisi rabin kyautar Nobel ta fiziks saboda aikinsa a kan hargitsattsun abubuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2022 a matsayin shekarar gilashi. Aikin da ake kai yanzu shi ne a gano nawa ne daga sakamakon 2014 zai tsira idan aka sauko da shi zuwa kusurwa uku, inda ƙwaya ke da maƙwabta goma sha biyu ko kusa da haka, kuma ƙungiya ƙarama na iya haura tudun da lissafin can ya ce ba ya hauruwa.